Hatimin Malam Ushiyama

Shimosuwa, 11 ga Janairu, 2005

Zuwa ga Hoshina Noriyuki,

Bayan gaisuwa. Tafkin Suwa ya fara daskarewa daga bakin gaɓa. Ina fata sanyin Yonezawa bai sandarar maka da hannu ba, tunda bana ko katin sabuwar shekara ban samu daga wajenka ba. Shekara sha bakwai kana aikowa, bana aka manta. To, na gani.

Ka san kwamitin bincike ya zaunar da ni a gida tun ashirin ga Disamba, kai kuma aka tura ka masana'antar can gyaran ɓarna. An ce kada in taka kamfani, kada in buga wa kowa waya, sai ka ce mai cutar da ake ɗauka. Ni, shugaban sashen tsara idon kyamara. Wasiƙa ce kawai ba su tuna sun hana ba.

Kyamarar Hotaru dubu arba'in aka dawo mana da su. Mutum ya sayi 'yar kyamara mai kaurin milimita sha bakwai, ya jefa a aljihun riga, ya hau dutse wasan ƙanƙara, ya ciro ya ɗauki matarsa, sai fuska ta fito dishi-dishi. Ni da kai mun san dalili. Gilashi na uku a cikin idon ba gilashi ba ne, roba ce. Roba kuwa in ta sha sanyi sai ta tsuke, haske ya sauka inda bai kamata ba. Ɗalibin shekarar farko ya san wannan. Ba a kuma kai ta ɗakin sanyi an gwada ba kafin a fara ƙerawa.

Kwamiti na so in rubuta takardar amsa laifi kafin ƙarshen Fabrairu, in buga hatimina, in karanta a taron safe gaban ma'aikata. Hujjarsu ɗaya ce: a kan zanen Hotaru, a gurbin mai tsarawa, hatimina ne a buge da jar tawada. Ni kuwa ban taɓa zanen nan ba. Kai ka yi lissafin, kai ka zaɓi roba, kai ka buɗe aljihun teburina ka ɗauko hatimin ka buga.

Ranar 31 ga Maris zan ajiye aiki, bayan shekara talatin da takwas. A bangon zauren shiga akwai alluna bakwai na tagulla, kowanne da hoton idon kyamara da sunan Ushiyama Tokuji a ƙasa. Ba zan wuce ta ƙarƙashinsu kai a sunkuye ba saboda sakacin wanda na koya wa riƙe gilashi. Ka rubuta wa kwamiti ka faɗa musu gaskiya. Kai shekararka arba'in da ɗaya, za a tsawata maka, a jefa ka wani sashe shekara biyu, a manta. Ni ba ni da shekara biyu.

Ina jiran amsa cikin mako guda. Ka gaida Sachie da yara.

Ushiyama

*

Yonezawa, 18 ga Janairu

Zuwa ga maigidana, Malam Ushiyama,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fata Malam da Uwargida suna cikin ƙoshin lafiya a wannan tsakiyar sanyi. A nan dusar ƙanƙara ta rufe tagogin ƙasa, kullum sai an share hanya kafin motar ma'aikata ta shigo. Batun kati kuwa Malam ya gafarce ni. Na saya, na zauna zan rubuta, sai na ji nauyin aika barka gidan da ke cikin damuwa.

Malam zai so jin labarin aiki. Ba za mu cire robar ba, domin in aka mayar da gilashi kyamarar za ta ƙara kauri milimita biyu, ga shi an riga an ƙera kwanson. Abin da na yi shi ne na sa ɗan ma'aunin zafi kusa da idon, bai fi ƙwayar shinkafa ba. In sanyi ya kama, sai ya sa injin ya turo gilashi na huɗu gaba kaɗan. Mun gwada guda ɗari biyu a ɗakin sanyi, hotuna sun fito tas.

Game da umarnin Malam, ban taɓa ƙin bin umarni ba, ba kuma yanzu zan fara ba. Abu ɗaya nake so a haska min. In na je gaban kwamiti na ce ni na buga hatimin a kan zanen Hotaru, Malam ya san halin shugabansu, Malam Gomi. Zai cire tabarau ya ce, "To, Hoshina, ran nan ne ka fara bugawa?" Me zan ce masa?

Ni dai abin da na tuna, a watan Mayun 1996 ne Malam ya jefo min makullin aljihun teburinsa ya ce, "Ungo. Duk zanen da ka gama, ka buga nawa a gurbin mai tsarawa, naka a gurbin mataimaki. Kada ka dame ni." Tun daga ranar haka nake yi. Haka na yi a Tsubame, idonmu na farko da ke janyo nesa ninki uku sannan ya koma cikin kyamara ya kwanta. Haka na yi a Kawasemi, wanda aka ba Malam lambar yabo a Tokyo dominsa. Alluna bakwai ɗin nan duk ta hanya ɗaya suka hau bango.

Don haka ina roƙon Malam ya zaɓa min ranar da gaskiyar za ta fara. In daga 1996 ne, gobe zan rubuta. In daga Yunin bara ne kawai, ina tsoron Malam Gomi ba zai tsaya inda muka ce ya tsaya ba.

Sachie tana gaida Uwargida, ta ce jiƙaƙƙen ganyen da aka aiko mata ya yi daɗi. Malam ya kula da kansa, sanyi bai wuce ba.

Yaron Malam mai biyayya,
Hoshina Noriyuki

*

Shimosuwa, 24 ga Janairu

Hoshina,

Gaisuwa a taƙaice, tunda na ga kai ladabi ya yi maka yawa har yana zuba.

Barazana kake min? Ni? Kai da ka zo min da takardar jami'a da kwat mai gajeren hannu, ka cafki gilashi da yatsu biyar kamar za ka kai baki, na buge maka hannu?

Bari in tuna maka abin da ba ka sani ba. Shekara sha biyu ina yi wa maigidana marigayi Malam Koike lissafi da fensir. Lissafin zaren haske ɗaya, ta cikin gilashi shida, yini guda. Ido huɗu na tsara masa daga farko har ƙarshe, sunansa ne a kai, ban taɓa buɗe baki ba, kuma ni na riƙe hotonsa ranar jana'iza. Haka ake yi. Hatimin shugaban sashe rufin ɗaki ne, kowa na ƙarƙashinsa. Ka yi wa na gaba, na baya ya yi maka. Saura wata biyu kujerar ta zama taka, ka kasa jira.

Kuma wai kai ka tsara! Kwamfuta ta tsara. Kana zaune kana danna maɓalli, na'ura tana gwada siffa dubu kafin shayinka ya huce. Wa ya tsaya a bayanka ya ce, "In tsawo ya hana ka, ka zame gilashi biyu gefe in kyamara ta rufe"? Kawasemi ke nan gaba ɗayansa, magana ɗaya daga bakina. Amma roba, wannan taka ce. Ni ko kwanon cin abinci ban yarda da na roba ba.

Wa ya nemo maka Sachie? Wa ya je gidansu sau uku, alhali ubanta yana cewa ba zai ba ɗan mai gyaran keke 'yarsa ba? Ka je ka faɗa wa kwamiti zancen Hotaru, Hotaru kaɗai. In Gomi ya tambayi sauran ka ce ba ka tuna ba. Mantuwa ai na ga ka iya ta.

Ushiyama

*

Shimosuwa, 24 ga Janairu, da la'asar

Noriyuki,

Ni ce Fumie, matar maigidanka. Ina gaishe ka, ina gaida Sachie da jikokina biyu. Na cusa wannan a ambulan ɗin bayan ya tafi gidan wankan unguwa, kada ka ambata masa.

Ka san rubutun hannun nan, ba sai na ɓoye ba. Wasiƙu biyun da ka samu ni na rubuta, yana faɗa yana zagaya ɗaki ina binsa da alƙalami. Da ya zo kan "ɗan mai gyaran keke" na ajiye na ce, "Baban Mariko, wannan kam ba zan rubuta ba." Ya ce, "Ke sakatariya ce ko alƙali?" Na ce, "Matarka ce, shekara talatin da uku, ina da bakin magana." Ya ce, "To ki yi maganar bayan kin rubuta." Na rubuta. Ka yafe min.

Mu uku muka san zancen idonsa: ni, kai, da likitansa na birnin Matsumoto. Shekara shida ke nan da aka ce tsakiyar ganinsa na mutuwa, gefe-gefe kawai ya rage, ga mutumin da ido ne sana'arsa. Ban manta ba, kai ka riƙa shiga ofishinsa kowace safiya ka rufe ƙofa ka karanta masa takardu, har ya haddace abin da zai faɗa a taro. Kai ka mayar da kujerarsa kusa da ƙofa don kada ya yi tuntuɓe. Ban taɓa gode maka yadda ya kamata ba, domin godiyar ma tonon asiri ce.

Yanzu yini yake a zaune, ƙafa cikin bargon teburin ɗumi, da wani tsohon idon kyamarar fim a hannu yana murɗawa yana sauraro. Waɗannan su ne nasa na gaskiya, ka sani, na sani. Amma allunansu tun da aka rufe sashen fim aka sauke aka kai sito, yau ko wanda ya san inda suke babu. Abin da ya rage masa a bango bakwai ɗin nan ne. Jiya na ji shi a banɗaki yana gwada jawabin bankwana, yana gode wa kowa har masu shara. Na koma kicin na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Mugun baki gare shi, ba ni za a ba labari ba. Amma tsoro ne ya cika shi, shi ke fita ta bakin. Ban ce ka ɗauki laifin kai kaɗai ba. Ka ce musu ku biyu ne, an yi gaggawa, magana ta faɗi tsakanin tebur biyu. In laifi ya rabu biyu ba a sa mutum karatu a taron safe, na tambayi matar Gomi a fakaice wajen mai kifi.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Kai mutum ne da ko keken 'yarka sai ka gwada birki sau uku. Yaya aka yi ka san roba ce, ka san ba a kai ta ɗakin sanyi ba, ba ka gaya masa ba? Ni za ka amsa wa, ba shi ba. Ka aiko amsar gidan 'yarmu Mariko.

Ka riƙa sa safa biyu, an ce sanyin can ba irin namu ba ne.

Uwar ɗakinka,
Fumie

*

Yonezawa, 2 ga Fabrairu

Zuwa ga uwar ɗakina, Uwargida Fumie,

Gaisuwa da girmamawa. Na gode da kulawa, safa biyu nake sawa. Kin tambaye ni kai tsaye, zan amsa miki kai tsaye, abin da ban taɓa yi wa kowa a gidanku ba.

Na gaya masa. A rubuce na gaya masa.

Amma bari in koma baya. Kin tuna walimar lambar yabon Kawasemi a Tokyo, shekara ɗaya da 'yan watanni da suka wuce? Kina can. Mahaifina ma yana can. Ya rufe shagonsa na gyaran keke a garin Ina, ya ari kwat wajen maƙwabci, ya hau jirgin ƙasa, saboda na yi wautar gaya masa cewa idon nan ni na tsara shi. Wata takwas na yi a kansa. Shi kuwa duk wanda ya kawo faci shagon sai ya ba shi labari.

Da aka gama jawabi na kai shi ya gaida Malam. Ya sunkuya har kamar zai faɗi. Malam ya ce da ƙarfi, shugaban kamfani na tsaye, "A'a, kai ne baban mai danna min maɓalli? Ka iya tarbiyya. Yaron nan ba ya ƙirƙiro komai, amma in aka ba shi kwafa ba ya kuskure." Aka yi dariya. Mahaifina ma ya yi, ya ƙara sunkuyawa sau biyu yana godiya. A jirgin komawa, da muka wuce Kofu, ya dafa gwiwata ya ce, "Ba komai, Nori. Kwafa ma aiki ne. Ba sai ka ƙara min gishiri ba." Ya rasu a watan Afrilu yana ganin ɗansa maƙaryaci ne.

Ranar tara ga Yuni aka zauna amincewa da zanen Hotaru. Malam ne ya bugi ƙirji gaban manya ya ce milimita sha bakwai ko a sauke shi. Da gilashi zalla ba ta yiwuwa, na gwada ta kowace fuska. Sai na rubuta shafi ɗaya: gilashi na uku roba ce, sanyi zai ɓata hoto, a ba ni mako shida a ɗakin sanyi. Irin wannan takarda da safe nake karanta masa, ƙofa a rufe. Ran nan ban shiga ba. Na bari sai da aka zauna, mutum biyar a tebur, sannan na miƙa masa da hannu biyu na ce, "Malam ya duba wannan kafin a wuce."

Ya ɗaga takardar. Ya kalle ta daidai lokacin da mai ido zai ɗauka ya karanta shafi, ya ƙware a wannan. Ina tsaye a gefensa ina jira. Da ya ce, "Hoshina, karanta mana," da na karanta, da an ɗage, da ba a sayar da ko ɗaya ba. Amma hakan na nufin ya nemi abu wajena gaban mutane. Sai ya ajiye ta ya ce, "Na gani. Ba matsala. Tsoron yara ne." Ya ce in miƙo hatimi, ya laluba, ya buga a gurbin "na karanta". Wannan kam da hannunsa ya buga. Ba wanda ya tambayi abin da ke ciki, ai Malam ya gani.

Takardar tana wajena, kwamiti bai san da ita ba. Kin ce in ce laifin na mu biyu ne. Shi kuwa ya rubuto min da hannunki cewa hatimin shugaba rufi ne. To, ga ruwa ya sauko, sai ya yi aikin rufi.

Ina jin kunyar mutum dubu arba'in da suka sayi kyamarar, shi ya sa nake nan ina gyarawa. Abin da na yi wa Malam kuwa, na duba raina ban sami nadama ba. Ki yafe min wannan in za ki iya.

Ɗanki,
Noriyuki

*

Shimosuwa, 14 ga Fabrairu

Hoshina,

Bayan gaisuwa. An ce itatuwa sun fara toho a kudu, nan kam shiru.

Fumie ta riƙe wasiƙarka kwana tara kafin ta karanta min. Na sa ta maimaita wajen mahaifinka. Zan faɗa maka gaskiya tunda yau ita ake yayi: ban tuna ba. Na tuna walimar, na tuna nauyin lambar a hannuna, na tuna an ba mu kifin da bai gasu ba. Tsoho mai aron kwat ban tuna shi ba. Ba na musu, irin maganata ce.

Takardar Yuni kuwa na tuna ta. Fari na gani, da toka-toka a gefe. Na ji numfashinka a kafaɗata, na ɗauka hatimi kake jira.

Ga abin da zan yi. Zan amsa laifin. Zan ce ni na tsara Hotaru, ni na zaɓi roba, ni na hana gwaji. Sunanka ba zai fito ba, kujerar kuma taka ce ranar ɗaya ga Afrilu, da bakina zan faɗa wa manya. Kai kuma ka ƙona takardar nan, domin in ta fita za a tambayi yadda mutum ya karanta gargaɗi irin wannan ya ce ba matsala, daga nan sai zancen ido. Ka kuma bar min shidan, Tsubame da Kawasemi da sauran. Kana da shekara ashirin a gaba, za ka cika bango da naka. Ni su ke nan.

Fumie ta ce in sa "ina roƙonka". Na ce mata ban taɓa ba. Ta ce ba za ta rufe ambulan ba sai an sa. To, ta sa.

Ina roƙonka.

Ushiyama Tokuji

*

Yonezawa, 19 ga Fabrairu

Zuwa ga maigidana, Malam Ushiyama,

Gaisuwa da biyayya. Na karanta wasiƙar Malam. Takardar Yuni na jefa ta a murhun masana'anta da hannuna yau da safe. Zan zo Suwa ranar taron, in tsaya kusa da Malam kamar yadda na saba. Malam ya kula da lafiyarsa.

Yaron Malam,
Hoshina Noriyuki

*

Shimosuwa, 2 ga Maris

Noriyuki,

Gaisuwa, don haka aka koya min buɗe takarda.

Kana wurin jiya, amma zan ba ka labari, domin daga layin gaba ba a ganin komai. Kwana tara muna haddar takardar nan. Ina karantawa yana maimaitawa, har ya san inda zai juya shafi da inda zai ɗaga kai. Da na ce a rage tsawonta ya ce, "Ke, guntun ban haƙuri raini ne." Da safen shi ya goge takalminsa da kansa, ya shafa baƙin mai a kan takalmi mai ruwan ƙasa, ban gaya masa ba.

Mutum ɗari uku cikin rigar aiki, an gama motsa jikin safe, aka ce ya hau. Ina can baya, an bar ni a matsayin direba. Bai yi tuntuɓen kalma ɗaya ba. "Ni, Ushiyama Tokuji, saboda girman kaina da ƙarancin ilimina." Matan layin haɗa gilashi, waɗanda ya sha sa su kuka, suna kallon takalmansu. Wani kusa da ni ya taɓa abokinsa ya ce, "Ashe wuyan nasa na lanƙwasuwa," suka danne dariya. Ya sunkuya, na ƙirga har talatin kafin ya ɗago.

Duk wannan na shirya masa. Abin da ban shirya wa ba kai ne. Matakalar dandalin nan uku ce, shekara shida yana sauka da ƙirge a zuci ba wanda ya lura. Sai ka fito daga layi, ka kama gwiwar hannunsa, ka ce daidai bakin makirufo, "A hankali, Malam. Uku ne. Ga ta farko." Kowa a zauren ya ji. Na ga Gomi ya cire tabarau. Ka ƙona takarda don a rufe asiri, ka zo ka tona shi da ladabi, mutane suna cewa dubi yaron kirki. Ni da na yi wa 'ya'yanka wankan farko na san abin da na gani, kuma na tsane ka dominsa.

Kada ka ƙara taka gidana. Sachie da yara ƙofa a buɗe take, ban da kai.

Abin da ya fi ci min rai, shi bai gane ba. Da za mu fita ya ja ni zauren shiga, ya tsaya ya ɗaga kai kamar mai karatu, ya ce ƙasa-ƙasa, "Nawa ne?" Na ce, "Bakwai." Ya ce, "Da sunan?" Na ce, "Da sunan." A mota kuma ya ce, "Yaron nan dai da sauran kunya, kin ga ya riƙe ni?" Ya ci shinkafa kwano biyu, rabonsa da haka tun Disamba.

Ya cika nasa alkawarin. Wata ɗaya ya rage, Noriyuki. Ka bar shi ya fita.

Fumie

*

Suwa, 29 ga Maris

Zuwa ga maigidana, Malam Ushiyama,

Gaisuwa mai yawa da biyayya. Ƙanƙarar tafki ta narke, ina fata Malam yana jin sauƙin sanyi.

Bisa ƙa'idar kamfani, in mai tsarawa ya amsa laifi a rubuce, kwamiti yakan sake duba duk zanen da ke ɗauke da hatiminsa. An ƙara wannan a littafin dokoki shekara huɗu da suka wuce. Ina jin ban karanta wa Malam wannan shafin ba.

Malam Gomi ya sa an buɗe ajiyar kwamfuta, ya ga wanda ya yi lissafin kowane ido. Ya kira ni ya tambaya, na amsa abin da aka tambaye ni. Na Hotaru ya ce ba sai an buɗe ba, tunda mai shi ya amsa da hatiminsa gaban mutum ɗari uku.

Jiya aka sauke alluna shida, za a sake sassaƙa sunan. Na Hotaru an bar shi, kwamiti ya ce ya zama darasi ga sababbin ma'aikata. Saboda haka in Malam ya zo karɓar furannin bankwana ranar Alhamis, sunansa yana nan a bango. Zan jira a ƙofa in kai Malam gabansa.

A gaida Uwargida.

Yaron Malam mai biyayya,
Hoshina Noriyuki